MASU DAFA DUTSE NA GARIN ARITA

Hausawa na cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Tun muna firamare muke jin wannan karin magana, kuma kowa ya ɗauka azanci ne kawai irin na magabata, domin ba a taɓa ganin wanda ya ɗora dutse a murhu ya nuna ba. To, a can ƙasar Japan akwai wani ƙaramin gari mai suna Arita, inda mutane suka shekara fiye da 400 suna fasa dutse, su daka shi, su kwaɓa, su gasa a wuta, har ya zama farantai da kofuna da tuluna masu zanen furanni. Da dutsen nan suke ci, da shi suke sha, da shi suke aurar da 'ya'yansu. Labarinsu muke so mu ba mai karatu, tare da dalilin da ya sa ya tsaya mana a rai.

Mu da muka haɗa kai muka rubuta wannan maƙala 'yan ajin ƙarshe ne, kuma abin da ya tara mu wuri ɗaya shi ne dukanmu daga gidajen sana'ar hannu muka fito. A cikinmu akwai wanda mahaifiyarsa ke ginin tukwane, akwai ɗan marina, akwai ɗan dukawa, akwai kuma 'yar masaƙa. Da kuɗin tulu da randa aka saya wa wasunmu littattafai tun daga aji ɗaya. A bakin malaminmu na zane muka fara jin sunan Arita, daga nan muka shiga bin diddigi, kowa ya kawo abin da ya samo.

BAMBANCIN TANGARAN DA TUKUNYA

Babu wanda bai san tangaran ba a cikinmu, domin yana cikin kayan jeren iyayenmu mata, a kulle cikin kabad, ba a fito da shi sai an yi baƙon kunya. Tukunyarmu ta gida da yumɓu ake gina ta, a gasa ta a fili da itace da ciyawa. Shi ya sa jikinta ke da 'yan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa ya riƙa tsattsafowa, iska ta buge shi, randa ta yi sanyi. Shi kuwa tangaran daga farin dutse yake. Ana gasa shi a rufaffen tanderu har zafi ya kai kimanin digiri 1,300 a ma'aunin Salshiyos, jikinsa ya narke ya haɗe kamar gilashi. Ruwa ba ya ratsa shi. In aka ƙwanƙwasa shi sai ya yi ƙara kamar ƙararrawa, in kuwa aka ɗaga mai sirara a rana, haske na iya ratsowa. Mutanen ƙasar Sin ne suka fara gano wannan hikima, kuma sun daɗe suna sayar wa Japanawa kafin su ma su iya.

YADDA AKA FARA

Mafarin sana'ar Arita ba mai daɗin ji ba ne. A shekarar 1592, shugaban mayaƙan Japan, Toyotomi Hideyoshi, ya kai wa ƙasar Koriya yaƙi, aka yi ta gwabzawa har 1598. Da sarakunan yaƙin za su koma gida, sai suka taho da maginan Koriya masu yawa, da dama daga cikinsu ba da son ransu ba. Cikinsu akwai wani mai suna Yi Sam-pyeong, wanda sarkin gidan Nabeshima ya kawo tsibirin Kiyushu. Bisa ga tarihin da mutanen garin suka gada, shi ne ya gano farin dutsen tangaran a tsaunin Izumiyama a shekarar 1616. Ya rasu a 1655, kuma har yau akwai hasumiyar tunawa da shi a kan tudu a Arita. Baƙon da aka kawo ƙarfi da yaji, shi gari ya wayi gari yana kira uban sana'a.

Da labari ya bazu, magina suka yi ta kwararowa, aka shiga saran daji don samun itacen gashi. Abin ya kai har a 1637 hukumar Nabeshima ta kori mutane fiye da 800 daga sana'ar don kada dazuzzuka su ƙare. Shi kuwa tsaunin Izumiyama, yau da gobe ta sa an cinye shi, ya zama wani makeken rami. A yanzu galibin dutsen da ake aiki da shi daga tsibiran Amakusa ake kawo shi.

DAGA DUTSE ZUWA FARANTI

Aikin yana da matakai da yawa, kuma kowane mataki da mai shi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A zamanin da, da wata babbar taɓarya wadda ruwan rafi ke ɗagawa yana saki ake daka dutsen dare da rana. In ya zama gari sai a dama shi a ruwa, tsakuwa ta kwanta a ƙasa, a tsiyaye mai laushin, a tace, a matse ruwan. Daga nan a cuɗa shi sosai har iskar da ke ciki ta fita, domin iska kaɗan in ta maƙale tana iya fasa kaya a cikin wuta. Magini ya ɗora curin a kan faifai mai juyawa, ya ja shi da yatsu ya fitar da siffa, kuma dole ya yi ta fiye da girman da ake so, saboda kaya na tsukewa in sun sha wuta. In sun bushe a kankare su, a yi musu gashin farko a zafin digiri 900 ko kusa da haka. A nan ne suke isa hannun mai zane.

AIKIN MAI ZANE

Wannan ne matakin da ya fi ba mu mamaki. Farantin da ya sha gashin farko yana zuƙe ruwa nan take, kamar yadda busasshiyar ƙasa ke shanye ruwan farko na damina. Duk inda buroshi ya taɓa, launi ya shige ke nan, ba a goge shi kamar yadda muke goge fensir. In hannu ya yi rawa, layi ya karkace. In mai zane ya tsaya tunani a tsakiyar layi, wurin ya yi tabo. Saboda haka sai ya gama ganin zanen a zuciyarsa kafin ya sauke hannu.

Launin da ake fara sawa suna kiransa gosu, ana samunsa daga wani sinadari mai suna kobal. A lokacin da ake shafa shi duhu-duhu ne, ba shi da wani kyan gani. Sai ya shiga babbar wuta yake komawa shuɗi irin na shuni. Ke nan mai zane yana aiki da launin da ba zai gani ba sai bayan kwanaki. Ɗan marinan da ke cikinmu ya ce wannan ba baƙon abu ba ne a gidansu, domin zane kore-kore yake fitowa daga karofi, sai ya sha iska yake zama shuɗi.

Mutum biyu ne kan raba aikin. Na farko ya ja layuka da siririn buroshi. Na biyu ya cike tsakaninsu da wani ƙaton buroshi mai kauri da ake kira dami, wanda ake cika shi da ruwan launi, a riƙa matsa shi da yatsu yana sakin ruwan kaɗan-kaɗan, ana karkata farantin don launi ya bazu daidai. Da matsin yatsa kaɗai ake samun shuɗi mai duhu da mai haske. Mata sun yi suna ƙwarai a wannan aikin.

Bayan haka sai a tsoma farantin cikin ruwan ƙyalli, wanda ke rufe zanen gaba ɗaya, faranti ya koma fari fat kamar ba a taɓa zana komai a kansa ba. A shigar da shi babbar wuta. A can ruwan ƙyallin zai narke ya zama garau kamar gilashi, shuɗin ya bayyana a ƙarƙashinsa. In ana son ja da kore da rawaya, sai wani mai zanen ya ɗora su a kan ƙyallin, a sake gasawa a zafin da bai wuce kimanin digiri 800 ba. In da ruwan zinariya, shi ma da tasa wutar. Faranti ɗaya kan shiga wuta sau uku ko huɗu, kuma a kowace shiga yana iya tsagewa, aikin mutum goma ya tashi a banza.

Malaminmu ya taɓa ba mu gutsattsarin busasshen yumɓu da buroshi, ya ce kowa ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe ba tare da ɗaga hannu ba. A ajin mutum fiye da talatin, waɗanda layinsu ya fita ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, kuma mafi kyawu a ciki na yaron nan ne da ya tashi yana taya mahaifiyarsa yi wa tulu ado.

GIDAN KAKIEMON

A cikin gidajen Arita babu wanda ya kai gidan Sakaida Kakiemon suna. Kakansu na farko ne ake danganta wa fara ɗora launuka a kan ƙyalli a Japan, a shekarun 1640. Ana ba da labari cewa jan ɗan itacen kaki ne ya yi ta ƙoƙarin kwaikwaya har ya dace, daga nan sunan ya samo asali. Shi kaki ɗin dangin kanyarmu ne, sai dai ya fi ta girma, kuma in ya nuna ja ne mai ruwan lemo. Daga tsatsar ƙarfe ake samun jan, a yi ta niƙa shi na tsawon lokaci, domin gwargwadon laushinsa gwargwadon kyansa.

Abin da ya bambanta zanen gidan shi ne ba sa cika faranti. Za ka ga reshen fure a gefe ɗaya, ko tsuntsayen salwa biyu kusa da zangarniyar hatsi, ko damisa a gindin gora, sauran wurin kuwa an bar shi fari. Farin nasu mai taushi ne kamar madara, suna kiransa nigoshide, wato ruwan wankin shinkafa a harshen yankin. Yin sa na da wuya, kaya da yawa na lalacewa a wuta, har aka daina shi a ƙarni na 18. An daɗe ba a yi ba, waɗanda suka iya duk suka ƙare. Sai a 1953 Kakiemon na 12 da ɗansa na 13 suka dawo da shi bayan gwaje-gwaje masu yawa, kuma abin da ya yi musu jagora shi ne wani tsohon kundin gidansu inda wani kaka ya rubuta yadda ake haɗa ƙasa. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu na kundi. Wanda ke riƙe da gidan tun 2014 shi ne Kakiemon na 15.

KASUWA DA SIRRI

Faɗuwar wani tashin wani. Da daular Ming ta faɗi a ƙasar Sin a 1644, yaƙe-yaƙe suka tsayar da fitar da tangaran daga can. 'Yan kasuwar Holan, waɗanda su kaɗai ne Turawan da Japan ta yarda su yi ciniki da ita, a ɗan tsibirin Dejima da ke Nagasaki, sai suka juya ga Arita. Daga 1659 suka shiga saye da yawa suna kaiwa Turai. Da yake ta tashar jiragen ruwa ta Imari kayan ke fita, sai aka riƙa kiransu da sunan Imari. Sarakunan Turai suka yi ta rububinsu. Masana'antar Meissen ta ƙasar Jamus, wadda aka kafa a 1710, ta kwaikwayi zanen Kakiemon, haka ma wasu masana'antu a Faransa da Ingila.

Inda dukiya take, nan tsaro yake. Hukuma ta tara masu zanen launi a unguwa ɗaya a Arita, ta ƙayyade yawan gidajen da aka yarda su yi aikin, daga baya suka tsaya a 16, kuma ɗa ɗaya tak ake koya wa sirrin haɗa launi a kowane gida. Wajen 1675 sarakunan Nabeshima suka kai ƙwararrun maginansu wani kwari mai suna Okawachiyama, tsaunuka kewaye da shi, aka sa ƙofa da masu gadi. Kayan da ake yi a can ba na sayarwa ba ne, na kyauta ne ga manyan masu mulki, wanda ya sami aibi kuwa farfasa shi ake yi. Masu wannan aiki sun sami ci da sha, amma ba su da 'yancin fita yadda suka ga dama. Ba ma fatan irin wannan ga kowane mai sana'a.

GIRMAMA MAI HANNU

Abin da muke sha'awa shi ne wanda ya zo daga baya. A 1950 Japan ta yi dokar kare kayan al'adu, kuma daga 1955 ta fara zaɓen ƙwararrun masu sana'a tana ba su matsayin da jama'a ke kira taskar ƙasa mai rai. Duk wanda aka zaɓa ana ba shi yen miliyan 2 a shekara don ya ci gaba da aiki ya kuma horar da magada. A 1971 aka sa nigoshide cikin hikimomin da ƙasa ke karewa, sannan a 2001 Kakiemon na 14 ya sami wancan matsayi. Akwai kuma shaidar ƙwarewa a sana'ar gargajiya, wadda mutum ba ya neman ta sai ya shekara 12 yana aikin, wato ninki biyu na zamanmu a sakandare.

Duk da haka kada mai karatu ya zaci komai lafiya lau yake a Arita. Tun farkon shekarun 1990 cinikinsu ya ja baya ƙwarai. Kayan inji masu araha, waɗanda ake manna musu zane kamar sitika, sun cika kasuwa, matasa kuma na tafiya manyan birane. Ciwon da ya kama tukunyarmu da zuwan roba da alminiyam, shi ne ya kama su. Sai dai ba su naɗe hannu ba. A 2016 sun yi bikin cika shekara 400, suka gayyato masu tsara fasali daga ƙasashen waje don a fito da sababbin kaya. Kowace shekara kuma, daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, garin na cika maƙil da masu zuwa kasuwar baje kolin tangaran.

IGIYAR DA TA ISO GIDA

A cikin bincikenmu mun tarar da wata igiya da ta taso daga Japan ta iso har ƙasarmu. Wani Baturen Ingila, Bernard Leach, ya koyi gini a Japan, ya koma gida a 1920 tare da abokinsa Hamada Shoji, suka kafa wurin gini a garin St Ives. Shi Hamada ba mutumin Arita ba ne, a Mashiko ya zauna yana yin kayan amfanin yau da kullum, kuma yana cikin rukunin farko da aka ba matsayin taskar ƙasa a 1955. A 1923 wani saurayi, Michael Cardew, ya zama almajirin Leach. Shi ne ya zo Nijeriya a 1950, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga tukwanen wata Bagwariya, Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar a 1954.

Ladi Kwali ba ta yar da abin da ta koya a gida ba. Ta ci gaba da gina tulunanta da hannu, tana zana ƙadangare da kunama da kada da kifi a jikinsu, sai dai yanzu ana sa musu ruwan ƙyalli a gasa su a babban tanderu. Ta je Turai da Amurka ta nuna gwanintarta. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20, tana zaune tana gini.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan uwa ɗalibai, ga inda maganar ta shafe mu. Mun san yadda ake yi a nan makaranta in aka ce a cike takarda a rubuta sana'ar iyaye. Ɗan ma'aikaci ya rubuta da sauri, ɗan magina kuwa ya sa hannu ya kare takardarsa don kada na kusa ya leƙa. Mun sha jin ana tsokanar wani da cewa warin karofi yake yi. Su kansu iyayenmu, saboda ƙaunar da suke mana, cewa suke mu yi karatu don kada mu sha wahalar da suka sha. Ba mu ga laifinsu ba. Mun ga bayansu ya ranƙwafe, mun ga yadda ake taya randar kwana uku da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba.

To amma ga abin da ke hana mu barci. Mahaifiyar ɗayanmu ita kaɗai ta rage a unguwarsu da ta san ramin da ake haƙo yumɓun da ba ya tsagewa, da yawan abin da ake cuɗa shi da shi, da itacen da ke ba tukunya baƙin da ake so. Ita ma a wurin kakarta ta gani. Babu ko layi ɗaya na wannan ilimi a rubuce. Gidan Kakiemon sun rasa farinsu na tsawon zamani, suka dawo da shi domin wani ya zauna ya rubuta. Mu in namu ya tafi, ina kundin da jikokinmu za su buɗe?

Ba dukanmu ne za mu gaji sana'ar gida ba. A cikinmu akwai mai son likita, akwai mai son lauya, kuma muna yi wa kowa fatan alheri. Amma mu ne na farko a gidajenmu da muka iya riƙe alƙalami, muka shiga ɗakin gwaje-gwaje, muka san abin da zafi ke yi wa ƙasa da ƙarfe. Saboda haka mun yi wa juna alkawari, da zarar mun ajiye jarrabawar ƙarshe, kowa zai sayi littafin rubutu mai kauri ya zauna kusa da mahaifiyarsa ko mahaifinsa. Za mu rubuta sunan kowane kayan aiki, da kowane zane da ma'anarsa, da awon kowane haɗi, da watan da ake yin kowane abu. Za mu kawo wa laburaren makaranta kwafi ɗaya-ɗaya.

Muna kuma roƙon hukumar makaranta ta duba yiwuwar gayyato magina da marina da masaƙa na garin nan su riƙa zuwa ajin zane, a ba su kujerar malami, a kuma sallame su kamar yadda ake sallamar kowane malami. Ƙannenmu na aji ɗaya da aji biyu kuwa, in an miƙo muku takardar nan ta sana'ar iyaye, ku rubuta ta da manyan baƙaƙe.

Muna godiya ga malaminmu na zane da ya buɗe mana wannan ƙofa, da iyayenmu da guminsu ya kawo mu inda muke. Sai mun dawo da littattafan.